Tambayoyi da Amsoshi Kan Amfani da Taskar Matosan Kaines Wajen Neman Sabbin Magunguna

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin ɗaliban digiri na biyu da na uku da kuma masu binciken da suka fara aiki da taskar sinadarai. An faro daga tushe, an gangaro zuwa matsalolin da sai an shiga ɗakin gwaji ake cin karo da su. Kalmar "matoshi" a nan tana nufin ƙaramin sinadarin da ke hana kaines aiki, jam'inta kuwa "matosai".

Mene ne kaines, kuma me ya sa masu neman magani suka mai da hankali a kansa haka?

Kaines furotin ne daga rukunin inzayim, wato furotin masu gaggauta aikin sinadarai a jiki. Aikinsa shi ne ya ciro fosfet na ƙarshe daga ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a jiki, ya liƙa shi a jikin wani furotin, galibi a kan serin ko tireyonin ko tayirosin, waɗanda suke cikin amino asid, wato tubalan ginin furotin. Wannan ɗan liƙi yakan kunna furotin ko ya kashe shi, ko ya sa ya sauya mazauni a cikin ƙwayar halitta, wadda za mu riƙa kira sel. Ta haka umarni ke ratsa sel cewa a girma, a rabu biyu, a dakata ko a mutu. Edmond Fischer da Edwin Krebs, waɗanda suka gano wannan tsari a shekarun 1950, sun karɓi lambar Nobel a 1992, kuma lissafin da aka wallafa a 2002 ya nuna cewa ɗan Adam yana da kaines na furotin guda 518, kimanin 90 daga cikinsu masu aiki a kan tayirosin.

Idan kaines ya maƙale a kunne, umarnin rabuwa ba ya yankewa, kuma sau da yawa daga nan ciwon daji ke samo asali. Misalin da ya buɗe wannan fage shi ne na wata sankarar jini da ake kira CML, inda musayar gutsure tsakanin kuromosom na 9 da na 22 ke haifar da gurɓataccen kaines mai suna BCR-ABL. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da imatinib a 2001, cutar da a da take kisa cikin 'yan shekaru ta zama wadda mafi yawan masu ita ke rayuwa da ita tsawon lokaci. Yanzu matosan kaines da wannan hukuma ta amince da su sun haura 70, kuma ba na daji kaɗai ba ne: an amince da tofacitinib a 2012 domin amosanin gaɓɓai.

Mece ce taskar matosan kaines, kuma a wace siffa take zuwa?

Tarin sinadarai ne da aka san suna toshe kaines, ko aka ƙera su domin su yi hakan, an jera su a faranti mai ramuka 96 ko 384, kowane rami da sinadarinsa. Galibi suna zuwa a narke cikin wani ruwan narkar da sinadarai da ake kira DMSO, da kaurin milimola 10 (kauri a nan shi ne yawan sinadari a cikin ruwan). Adadinsu kan kama daga 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai. Tare da farantan akwai jadawalin da ke faɗin abin da ke kowane rami, da siffar sinadarin, da kaines ɗin da ake cewa yana kamawa, da matakin da ya kai a bincike. Wannan jadawali rabin darajar taskar ne, kuma shi ne ɓangaren da ya fi jefa mutane cikin kuskure, kamar yadda za a gani a amsar tambayar da ta shafi sunan da ke kan kwalba.

Me ya bambanta ta da babbar taska mai dubban ɗaruruwan sinadarai iri-iri?

Babbar taska ta dace da wanda bai san irin siffar da furotinsa ke so ba, yana kuma da na'urori da kuɗin tankaɗe da rairaya. Kaines kuwa suna da wata fa'ida: dukkansu suna amfani da ATP, saboda haka aljihun da ATP ke shiga yana kama da juna a tsakaninsu. Sinadarin da aka ƙera domin kaines ɗaya yana da damar shiga aljihun wani, shi ya sa ƙaramar taska kan ba da kamu, wato sinadaran da suka yi aiki a gwaji, da yawa fiye da yadda girmanta ke nunawa, kuma mutum ɗaya na iya gama gwajinta cikin 'yan kwanaki. Abin da ake rasawa shi ne sabunta, domin yawancin sinadaran an riga an san su, da dama kuma suna ƙarƙashin haƙƙin mallakar wasu.

Waɗanne irin tambayoyin bincike taskar ke iya amsawa?

Ta farko ita ce ta wanda yake da kaines ɗin da yake zargi da hannu a wata cuta amma babu matoshinsa. Zai gwada taskar a kan furotin ɗin ya sami siffar da masana haɗa sinadarai za su fara gini a kanta. Ta biyu ta juya akalar: mai bincike yana da wani hali na sel da yake so ya sauya, kamar yaɗuwar ƙwayoyin daji ko kumburi ko shigar ƙwayar cutar bairas, bai kuwa san wane kaines ke riƙe da linzamin ba, sai ya bar taskar ta nuna masa. A ganina a nan taskar ta fi amfani, domin kowane sinadari tambaya ce da aka yi wa sel, kuma amsar tana fitowa ne daga haɗa amsoshin gaba ɗaya.

Akwai kuma neman sabon aiki ga tsohon magani. An ƙera crizotinib da nufin toshe kaines ɗin MET, sai aka gano a 2007 cewa wasu masu ciwon dajin huhu suna ɗauke da gurɓataccen ALK, wanda shi ma wannan sinadari ke toshewa, aka amince da shi domin su a 2011. Baricitinib maganin amosanin gaɓɓai ne kafin a shigar da shi jinyar masu cutar korona mai tsanani. Masu aiki da ƙwayoyin sel na asali ma sun ci moriyar matosai, domin Y-27632, mai toshe ROCK, shi ke hana waɗannan ƙwayoyi mutuwa idan an rarraba su ɗaya-ɗaya.

Ta yaya matosai ke kama kaines, kuma shin ya kamata in damu da nau'insu?

Ya kamata ƙwarai. Mafi yawansu suna shiga aljihun ATP ne su yi gogayya da shi. Daga cikin waɗannan, nau'i na ɗaya yana kama kaines a siffarsa ta aiki, nau'i na biyu kuwa, kamar imatinib, yana kama shi a siffar hutu, lokacin da wani gutsure mai amino asid uku da ake kira DFG ya juya ya buɗe ƙarin aljihu a gefe. Wasu ba sa gogayya da ATP sam: trametinib yana zama a aljihun da ke maƙwabtaka da na ATP a jikin MEK, asciminib da aka amince da shi a 2021 yana kama BCR-ABL a wuri mai nisa da aljihun, deucravacitinib na 2022 kuma yana kama ɓangaren TYK2 da ke kama da kaines amma ba shi ne mai liƙa fosfet ba. Sai kuma masu ƙulla dauwamammen haɗi da amino asid ɗin sistin, irin ibrutinib a kan BTK da osimertinib a kan EGFR.

Muhimmancin wannan yana bayyana a tsarin gwaji. Idan aka yi amfani da kaines da aka riga aka kunna, matosan nau'i na biyu za su bayyana da rauni fiye da gaskiyarsu. Idan aka yanko ɓangaren kaines kaɗai aka bar sauran furotin ɗin, mai yiwuwa an yar da aljihun da wani matoshi ke buƙata. Masu dauwamammen haɗi kuma ƙarfinsu yana ƙaruwa da tsawon lokacin da suka zauna tare da furotin, don haka ba a kwatanta IC50 ɗinsu, wato kaurin da ke toshe rabin aikin kaines, da na wasu sai an faɗi lokacin.

Yaya zan zaɓi taskar da ta dace da aikina?

Yawan sinadarai ba shi ne abin dubawa na farko ba. A duba kaines nawa taskar ta rufe, domin bincike ya daɗe yana taruwa a kan 'yan kaɗan, har za a iya samun matosan EGFR ko VEGFR ko PI3K da dama a taska ɗaya alhali kaines sama da ɗari ba su da ko ɗaya na kirki. A duba ko kowane kaines yana da aƙalla matosai biyu ko uku masu siffofi mabambanta, da ko akwai bayanan gwajin kowane sinadari a kan ɗaruruwan kaines, da shaidar tsarkinsa. Taskar da ke da 'yan'uwan sinadari marasa aiki, wato masu siffa kusan iri ɗaya da matoshin amma ba sa kama kaines ɗin, ta fi sauran daraja.

Bayan na kamfanonin sayar da sinadarai, akwai waɗanda aka haɗa domin masu bincike tare da sakin bayanansu ga kowa. Kamfanin GlaxoSmithKline ya fitar da PKIS mai sinadarai 367, daga baya kuma masana na haɗin gwiwar bincike ta SGC (Structural Genomics Consortium) suka haɗa KCGS mai 187, waɗanda aka zaɓo saboda kowannensu kaines kaɗan yake kamawa. Wanda burinsa gano kaines mai hannu a cuta, irin wannan ta fi masa. Wanda yake son saurin kaiwa ga majiyyata kuwa, taskar magungunan da aka riga aka amince da su ko suka shiga gwajin mutane ta fi dacewa da shi.

An rubuta a jadawali cewa sinadarin matoshin kaines kaza ne. Zan iya dogara da wannan?

A'a, kuma wannan ita ce amsa mafi muhimmanci a wannan shafi. Sunan da ke kan kwalba yana faɗin abin da aka yi niyya ne lokacin ƙera sinadarin, ba ya faɗin duk abin da yake yi a cikin sel ɗinka. Kamanceceniyar aljihun ATP da ta sa taskar ke ba da kamu da yawa, ita ce kuma ke sa matoshi ɗaya ya kama kaines goma ko hamsin. Staurosporine, wanda aka samo daga ƙwayar bakteriya a Japan a 1977, an fara saninsa a matsayin matoshin PKC, alhali yana kama mafi yawan kaines da aka gwada shi a kansu. Wani bincike na 2011 ya gwada matosai 72 a kan nau'o'in kaines 442, wani kuma na 2017 a Jamus ya auna furotin da magungunan kaines 243 ke kamawa a cikin ruwan sel, kuma dukkansu sun nuna cewa matoshi mai tsayawa a kan kaines ɗaya tak abu ne mai wuyar samu.

Abin ya wuce kaines ma. Imatinib yana kama wani inzayim mai suna NQO2 wanda ba kaines ba ne. BI-2536, da aka sani da toshe PLK1, yana toshe BRD4, furotin mai kula da karanta ƙwayoyin gado. Tivantinib ya kai manyan gwaje-gwajen mutane da sunan matoshin MET, aka kuma nuna a 2013 cewa yana kashe ƙwayoyin daji ta hanyar dagula tubulin, furotin ɗin da sel ke buƙata wajen rabuwa, ko suna dogara da MET ko ba sa yi. A 2019 ɗakin binciken Jason Sheltzer a Amurka ya yi amfani da CRISPR, fasahar yanke ƙwayoyin gado, ya cire furotin da ake cewa wasu magunguna suna hari, magungunan suka ci gaba da kashe sel kamar ba a cire komai ba. Ɗaya daga cikinsu, OTS964, ashe CDK11 yake kamawa ba PBK da aka jingina masa ba.

Ina jaddada wannan ne domin shekarun ɗalibai da kuɗin bincike masu yawa sun tafi a kan kammalawar da aka gina bisa sinadari ɗaya da suna ɗaya. Kafin ka rubuta cewa kaines kaza ne ke haddasa abu kaza, ka nemi bayanan sinadarin a shafuka irin su ChEMBL da Chemical Probes Portal, sannan ka bi matakan da aka bayyana a amsar tambayar gano kaines mai alhakin sakamako.

Da wane kauri zan yi gwajin farko?

Da yawa suna farawa da maikuromola 10 (milimola 1 daidai take da maikuromola 1,000, maikuromola 1 kuma nanomola 1,000) domin kada su rasa komai, amma a wannan kauri yawancin matosai sun daina zaɓe, abin da za a gani a sel shi ne jimillar toshe kaines masu yawa a lokaci guda. Ga gwajin sel, maikuromola 1 ya fi zama madaidaici, kuma idan hali ya yi a ƙara da nanomola 100. Tunda taskar ƙarama ce, gara a gwada ta a kauri uku ko huɗu tun farko da a dogara da ɗaya. Sinadarin da ya yi aiki a maikuromola 10 kaɗai, alhali an san yana toshe abin harinsa a cikin sel a nanomola 20, kusan tabbas ta wata hanya yake aikin. A kula kuma kada DMSO ya wuce kashi 0.1 zuwa 0.5 cikin ɗari a ramin gwaji, kuma ya zama daidai a kowane rami.

Me ya sa sinadari ya nuna ƙarfi a kan furotin tsantsa amma ya gaza a cikin sel?

Dalili na farko shi ne ATP. A gwajin kwalba akan sa ATP kaɗan, daidai da Km na kaines ɗin, wato kaurin ATP da ke sa shi aiki da rabin saurinsa, amma a cikin sel ATP yana kaiwa milimola 1 zuwa sama. Lissafin Cheng da Prusoff na 1973 ya nuna cewa IC50 na matoshi mai gogayya daidai yake da Ki, wato ma'aunin ƙarfin kamun matoshin, sau jimillar 1 da kaurin ATP bisa Km. A ɗauki kaines mai Km na maikuromola 10 da matoshi mai Ki na nanomola 10: a gwajin kwalba IC50 zai fito nanomola 20, a ATP na milimola 1 kuwa zai kai kusan maikuromola 1, wato ƙarfin ya ragu sau hamsin ba tare da komai ya sauya a jikin sinadarin ba.

Sauran dalilan sun haɗa da kasa ratsa fatar sel, da famfunan da ke fitar da baƙin sinadarai waje irin su P-gp, da furotin ɗin ruwan jini da ake ciyar da sel da shi, waɗanda ke riƙe sinadarin su bar kaɗan a sake. Maimakon hasashe, a auna ko ya isa wurin. Hanyar CETSA tana duba ko furotin ya ƙara jure zafi saboda sinadari ya kama shi, NanoBRET tana auna kamun a cikin sel mai rai, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a duba ko fosfet ya ragu a kan furotin ɗin da kaines ɗin ke yi wa aiki kai tsaye.

Yaya ake tsara faranti domin a yarda da sakamakon?

Kowane faranti yana buƙatar ramukan DMSO zalla, masu nuna aiki cikakke, da ramukan sanannen matoshi, masu nuna toshewa cikakkiya, kuma a warwatsa su maimakon a tara su a layi ɗaya. Daga waɗannan ake lissafa ma'aunin Z' da aka gabatar a 1999, wanda ke kwatanta tazarar da ke tsakanin rukunan biyu da yadda alƙalumansu suka tarwatse. Idan ya kai 0.5 zuwa sama gwajin ya yi kyau, idan bai kai ba a gyara gwajin kafin a taɓa taskar. Ramukan gefe sukan yi asarar ruwa ta hanyar tururi idan gwajin sel ya ɗauki kwana biyu ko uku, don haka mutane da yawa kan cika su da ruwa kawai. A maimaita gwajin a rana daban da sabbin ƙwayoyin sel, a kuma tabbatar sel ɗin su ne waɗanda ake zato kuma babu maikofilasma, wata bakteriya mai gurɓata sel, a cikinsu.

Yaya ake ajiye taskar kada ta lalace?

DMSO yana jan ruwa daga iska, kuma da zarar ya sha ruwa wasu sinadaran sukan fara daskarewa a gindin rami, sai kaurin da ake ɗauka milimola 10 ne ya zama ƙasa da haka. Saboda haka, ranar da taskar ta iso a narkar da ita sau ɗaya, a rarraba ta zuwa farantai ƙanana na aiki, a like su sosai, a ajiye a digiri 20 ko 80 ƙasa da sifiri, nesa da haske. A rage yawan narkarwa da sake daskararwa, kuma kafin a cire murfi a bar farantin ya dawo zafin ɗaki sannan a juya shi a na'urar sentirifuj domin ruwan ya sauka ƙasa. DMSO tsantsa yana daskarewa a kusan digiri 18, don haka farantin da ya ƙi daskarewa a firji alama ce ta ya sha ruwa. Masu dauwamammen haɗi sun fi saurin lalacewa, a riƙa rubuta ranar buɗe kowane faranti.

Mene ne kamun ƙarya, kuma yaya ake gane shi?

Shi ne sinadarin da ya sauya alƙalamin da na'ura ke karantawa ba tare da ya toshe kaines ba. Gwaje-gwajen kaines da na rayuwar sel da yawa suna dogara da lusiferes, inzayim mai ba da haske wanda shi ma yake amfani da ATP, kuma wasu matosan kaines suna toshe shi kai tsaye. Wasu sinadaran suna da launi ko suna ƙyalli da kansu. Wasu suna dunƙulewa su zama ƙananan curi masu maƙale kowane furotin, kuma ana gane su idan aikinsu ya ɓace bayan an ƙara ɗan sabulun gwaji irin Triton X-100 kashi 0.01 cikin ɗari. Akwai kuma siffofin da aka yi wa laƙabi da PAINS a 2010 saboda yawan fitowarsu a gwaje-gwaje marasa alaƙa. Maganin duk waɗannan ɗaya ne: a sake gwada kamun da hanya ta biyu wadda ba ta amfani da irin hasken ta farko, da sabon garin sinadari da aka tabbatar da tsarkinsa, a kauri takwas zuwa goma domin a ga cikakken lanƙwasar jadawalin.

Na sami sinadarai ashirin da suka yi aiki a sel. Yaya zan gano kaines mai alhakin sakamakon?

A fara da kallon taskar gaba ɗaya, har da waɗanda ba su yi aiki ba. Idan matosai huɗu masu siffofi mabambanta suka ba da sakamako iri ɗaya, kuma kaines ɗaya ne kawai suka yi tarayya a kansa, wannan hujja ce mai nauyi, domin da wuya harbin gefensu ya zo ɗaya. Idan kuwa matoshin MEK ɗaya ya yi aiki sauran biyar suka yi shiru, to ba MEK ba ne, ko da me jadawali ya ce. Waɗanda suka yi shiru suna kore zargi, kuma mutane kan manta da su. Sai a duba ko jerin ƙarfinsu a sel ya bi jerin ƙarfinsu a kan kaines ɗin da ake zargi, da ko sel ɗin ma yana ƙera wannan kaines.

Bayan haka sai a koma ga ƙwayoyin gado. A cire kaines ɗin da CRISPR ko a rage shi, a ga ko sakamakon ya yi kama da na sinadarin, sannan a zuba sinadarin a kan sel da aka cire masa kaines ɗin: idan har yanzu yana aiki, ta wata hanya yake yi. Akwai wata tangarɗa da ya kamata a sani, wato cire furotin gaba ɗaya ba daidai yake da toshe aikinsa ba, domin wasu kaines suna da aikin riƙe wasu furotin wuri ɗaya ko da ba sa liƙa fosfet. Hujja mafi ƙarfi ita ce a sa wa sel nau'in kaines ɗin da aka sauya masa amino asid ɗaya yadda sinadarin ba zai iya kama shi ba, galibi a mashigar aljihu, kamar T315I a BCR-ABL. Idan wannan sauyi kaɗai ya kare sel daga sinadarin, an gano abin harin.

Shin kama kaines fiye da ɗaya kullum aibi ne?

Ga sinadarin da ake son fahimtar sel da shi, aibi ne, kuma ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce ya toshe abin harinsa a ƙasa da nanomola 100, ya fi son sa a kan danginsa da aƙalla sau 30, ya kuma yi aiki a sel a ƙasa da maikuromola 1. Ga magani kuwa lamarin ya bambanta. Imatinib yana toshe KIT da PDGFR, kuma saboda KIT ɗin ne aka amince da shi a 2002 domin wani ciwon daji na ciki da hanji da ake kira GIST. An ƙera sorafenib domin RAF, amma toshe VEGFR da yake yi yana da babban rabo a amfaninsa ga dajin ƙoda. Matsalar ita ce harbin gefen da ba a sani ba, domin shi ke haifar da illa ga zuciya ko hanta ba tare da an shirya masa ba.

Ko matoshi mai zaɓe sosai yana iya ba da mamaki. Vemurafenib yana toshe BRAF mai sauyin V600E a dajin fata, amma a sel mai gurɓataccen furotin RAS yana ƙara kunna hanyar da ake son kashewa, wanda ya sa wasu majiyyata suka sami wasu ƙurajen daji na fata, kuma yana daga dalilan da ake haɗa irinsa da matoshin MEK. Idan ka ga wani sinadari a taskarka ya ƙara abin da kake aunawa maimakon ya rage shi, kada ka share shi a matsayin kuskuren na'ura kafin ka maimaita.

Za a iya amfani da taskar da aka haɗa domin kaines na ɗan Adam a kan ƙwayoyin cuta?

Ana yi, kuma an ci nasara. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da danginta suna da kaines nasu, wasu ma babu irinsu a jikin mutum, kamar rukunin CDPK da ya fi kama da na tsirrai. Sinadarin MMV390048, wanda cibiyar H3D ta Jami'ar Cape Town ƙarƙashin Kelly Chibale ta haɓaka har ya kai gwajin mutane, ya samo asali ne daga gwada wata taskar kaines a kan ƙwayar cutar kai tsaye, daga baya aka gano cewa wani kaines na ƙwayar mai suna PI4K yake toshewa. A irin wannan aiki sunan da ke jadawali ba ya da wani amfani, tunda ƙwayar ba ta da rukunin kaines na tayirosin irin namu, don haka "matoshin EGFR" da ya kashe ta wani abu daban ya kama. Dole kuma a gwada kowane kamu a kan sel na mutum a lokaci guda, domin aikin da ke gaba shi ne a kawar da ƙarfinsa a kan kaines na mutum a bar na ƙwayar.

Bayan an tabbatar da kamu, me ya rage kafin ya zama magani?

Idan sinadarin sabo ne, masana haɗa sinadarai za su ƙera ɗaruruwan 'yan'uwansa suna sauya gutsure ɗaya-ɗaya, sau da yawa da taimakon hoton kiristal da ke nuna yadda ya zauna a aljihun, kuma a kowane zagaye ana auna ƙarfi da zaɓe da narkewa da saurin da hanta ke rusa shi, tare da gwajin hERG domin kare bugun zuciya. Daga nan sai gwajin dabbobi, sai matakai uku na gwajin mutane, tafiyar da kan ɗauki shekara goma ko fiye kuma mafi yawan sinadarai ba sa kai ƙarshenta. Idan kuwa kamun magani ne da aka riga aka amince da shi, tambayar farko ita ce ko kaurin da ya yi aiki a faranti yana samuwa a jinin majiyyaci a adadin da jiki ke iya ɗauka. A nemi mafi girman kaurin da maganin ke kaiwa a jini daga bayanan hukumomin magunguna, a cire kason da furotin ɗin jini ke riƙewa, wanda a matosan kaines da yawa ya haura kashi 90 cikin ɗari, sannan a kwatanta abin da ya rage da alƙalamin da aka samu a gwajin sel kamar yadda aka bayyana a amsar tambayar kauri.